Man Agadem: Rijiya nawa, ganga nawa? Takardun da ɗan Nijar ba ya iya gani

Abubuwa biyu sun faru a Nijar cikin watan Maris na 2025, kusan a mako ɗaya. Layukan motoci da babura sun cika gidajen mai daga Yamai har Damagaram saboda ƙarancin fetur, gwamnati kuma ta ba manyan jami'ai uku 'yan ƙasar Sin wa'adin barin ƙasa: na kamfanin CNPC mai haƙar mai a Agadem, na matatar SORAZ, da na WAPCO mai kula da bututun da ke kai ɗanyen mai Benin. A Matamaye, garin da ya shekara da shekaru yana shan man 'yan ruwa-ruwa da ke shigowa ta Ɗan Barto, ƙarancin ya zo da wani ɗaci na daban. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man Najeriya ya daina araha. Na gida kuma, wanda gwamnati ta rage wa farashi daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, bai wadata ba, alhali matatar tana cikin jiharsu.

Tun daga lokacin gardama ba ta ƙare ba a fadojin matasa da zaurukan WhatsApp na 'yan gari mazauna Kano, Tamanrasat, Abijan da Faransa. Wasu na cewa Sinawa sun cuce mu, wasu na cewa namu ne suka cuce mu. Kowa da adadin da yake riƙe da shi. Abin da babu wanda ke iya kawowa shi ne takarda. Rijiya nawa aka haƙa a Agadem? Nawa ke ba da mai, nawa suka fito fayau? Kowace tana ba da ganga nawa a yini? Waɗannan tambayoyi suna da amsa a rubuce, domin babu rijiyar mai da ake gamawa a duniya ba tare da an cika mata takarda ba. Sai dai takardun namu suna wurin da ɗan ƙasa ba ya isa.

Mece ce takardar kammala rijiya?

Duk mai lambu a fadamun Korama ya san cewa haƙa rami daban, mayar da ramin rijiya daban. Sai an sa bututu, an tsare bangon kada ya rufta, an san a gaba nawa aka tarar da ruwa, sannan a ɗora inji a ga ko zai ja yini guda bai ƙafe ba. Rijiyar mai ma haka take, illa zurfinta kan kai mita dubu biyu ko uku. Bayan an gama haƙa, ana zura bututun ƙarfe hawa-hawa, a ɗura siminti tsakanin bututun da bangon ramin, sannan a huda ƙarfen daidai inda dutsen da ke riƙe da man yake. Daga nan a gwada ta, galibi na awa 24, a auna mai nawa, iskar gas nawa, ruwa nawa ta fitar.

Rahoton da ake rubutawa bayan wannan aiki shi ne takardar kammala rijiya. Yana ɗauke da sunan rijiyar da inda take, ranar da aka fara haƙa da ranar da aka gama, zurfinta, irin bututun da aka sa da inda kowane ya tsaya, yawan simintin da aka ɗura, wuraren da aka huda, da sakamakon gwajin farko. Idan ba a samu komai ba, rahoton zai faɗi haka, ya kuma faɗi yadda aka toshe ramin. Takardar haihuwar rijiya ke nan, kuma duk wani lissafi da zai biyo baya daga kanta yake tashi.

A jihar Texas ta Amurka, hukumar da ke kula da harkar mai, Railroad Commission, tana sa waɗannan takardu a intanet kyauta. (Sunan ya samo asali ne daga aikinta na farko a 1891, kula da jiragen ƙasa, ta bar wancan aikin, sunan ya zauna.) Kowace rijiya a Amurka tana da lambarta ta dindindin da ake kira lambar API, ta Texas tana farawa da 42. Mutum na iya bincike da wannan lamba, ko da sunan kamfani, ko gunduma, ko tsakanin wata kaza da wata kaza. Takardar rijiyar mai ana kiranta W-2, ta gas kuma G-1. Ba a tambayarka ko kai wane ne. Saurayin da ke zaune a tashar Matamaye da wayarsa da ɗan kuɗin intanet zai iya sanin buhun siminti nawa aka ɗura a wata rijiya da ke hamadar yammacin Texas. Norwe ma tana da irin wannan rumbu, inda hukumar ƙasar ke wallafa bayanan rijiyoyin da aka haƙa a tekunta tun daga 1966, da abin da kowane filin mai ke fitarwa duk wata. Birtaniya ta buɗe nata rumbun ga jama'a a 2019.

To, saurayin nan ya juyo gida, ya rubuta Gumeri ko Sokor ko Kulele. Zai samu labaran bukukuwan ƙaddamarwa, hotunan ministoci da hular kwano, da jimilla ɗaya da ake ta maimaitawa: ganga dubu 110 a yini, dubu 20 zuwa SORAZ, dubu 90 zuwa tashar Seme ta Benin ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000. Wannan adadi kuwa abin da aka tsara ne, ba abin da aka auna jiya ko watan jiya ba.

Abin mamakin shi ne bayanan rijiyoyin Nijar da suka fi fitowa fili ba daga Yamai suka fito ba, daga Landan ne. A 2018 kamfanin Savannah na Birtaniya ya haƙa rijiyoyi biyar a wani yanki na Agadem: Bushiya, Amdigh, Kunama, Eridal da Zomo. Kowace ya gama, sai ya fitar da sanarwa mai ɗauke da zurfinta, kwanakin da aka yi ana haƙa, da kaurin dutsen da aka tarar da mai a cikinsa. Ba don son 'yan Nijar ya yi ba. Dokar kasuwar hannun jari ce ta tilasta masa gaya wa masu zuba kuɗi. Wato Baturen da ya sayi hannun jarin fam ɗari yana da haƙƙin sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasar Diffa fiye da makiyayin Ngurti da raƙumansa ke kiwo a kanta. Sauran abin da ake samu yana cikin mujallun ilimi da Turanci, inda masu binciken CNPC ke wallafa nazarinsu kan kwarin Termit da bayanan rijiyoyin da ɗalibinmu bai taɓa gani ba.

Inda ganga 61 ke tafiya

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da rake da kaurin bututu. Amsar tana cikin yadda ake raba man, kuma ya kamata a bi lissafin a hankali, domin nan ne kuɗin yake.

Gwamnatin Tandja ta sa hannu da CNPC a watan Yunin 2008 kan yarjejeniyar raba mai. Hukumomi sun sha faɗa cewa kason Nijar a cikin ɗanyen man da ake fitarwa kashi 25.4 ne cikin 100. Mutane da yawa na jin adadin su yi tsaki, amma ba a cika bayyana musu daga ina ya fito ba. A ɗauki ganga 100. Gwamnati na fara cire 12.5 a matsayin harajin fitar da mai daga ƙasa. Saura 87.5. Daga cikin wannan, an yarda kamfani ya ɗebi har kashi 70 cikin 100 don ya mayar da kuɗin da ya kashe, wato ganga 61 da kwata. Abin da ya rage, ganga 26 da kwata, shi ake kira man riba. Gwamnati na karɓar aƙalla kashi 40 cikin 100 nasa, ganga 10 da rabi. Ragowar masu hannun jari ne ke rabawa, kuma Nijar na da kashi 15 a ciki, wajen ganga biyu da 'yan kai. A haɗa 12.5 da 10.5 da 2.4, sai ga 25.4.

Ma'anar wannan lissafi ita ce kaso mafi tsoka, ganga 61 cikin kowace 100, yana tafiya ne wajen biyan kuɗin aiki. Ba haramun ba ne, haka irin wannan yarjejeniya take a ƙasashe da dama, domin kamfani ne ya zuba kuɗinsa lokacin da babu tabbas. Ranar da ya gama mayar da jarinsa, man riba zai ƙaru, kason ƙasa ya hau. Tambayar da ta fi kowace nauyi a harkar man Nijar ita ce: yaushe wannan rana za ta zo? Amsar ta dogara ga abubuwa biyu, nawa aka kashe da gaske, da kuma nawa ake fitarwa da gaske. Hukumomi sun ce an zuba kimanin dalar Amurka biliyan 4 wajen bunƙasa filayen man a zango na biyu. Kaso mai yawa na irin wannan kuɗi a rijiyoyi yake shiga.

Takardar kammala rijiya ba ta faɗin kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma tana faɗin mita nawa aka haƙa, cikin kwana nawa, da ƙarfe nawa. Wanda ya san aikin, idan aka ba shi waɗannan, zai iya cewa rijiya irin wannan ba ta kai kuɗi kaza ba, kamar yadda magini zai kalli katanga ya gaya maka bulo nawa ta ci. Idan aka ce an haƙa rijiya ɗari aka sa kuɗinsu a lissafi, takardu ɗari ya kamata a gani. Idan gwajin farko ya nuna rijiya na ba da ganga dubu, bayan shekara biyu aka ce ɗari uku take bayarwa, akwai bayanin da za a nema: ko dai halin dutsen ne, wanda yakan faru, ko an matsa mata fiye da kima don a gaggauta mayar da jari, ko kuma awon ne ke da matsala. Ba ina cewa an yi ɗaya daga cikin waɗannan a Agadem ba. Abin da nake cewa shi ne yau babu ɗan jarida, malamin jami'a ko ɗan ƙungiyar farar hula da zai iya nuna an yi ko ba a yi ba. Mai zargi da mai kare kamfani duka a duhu suke harbi.

Bashin dala miliyan 400 da gwamnati ta karɓa daga CNPC a watan Afrilun 2024, da ruwan kashi 7 cikin 100, wanda aka ce da ɗanyen mai za a biya cikin wata 12, ya ƙara wa lamarin nauyi. Wanda ke binka bashi shi ne mai haƙa, shi ne mai awo a bakin rijiya, shi ne mai bututu. Ko a kasuwar Matamaye, mai sayar da gero ba ya barin mai saye ya zo da tiyarsa ya auna shi kaɗai a bayan rumfa.

Doka ta taɓa yin alkawari

Ba baƙon ra'ayi ba ne a ce a buɗe. Kundin tsarin mulkin 2010 ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, aya ta 150 kuma ta wajabta wallafa yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. Ba a cika aiki da ita yadda ya kamata ba ko a wancan lokaci, ƙungiyoyi irin su ROTAB sun yi ta ƙorafi a kai. Gwamnatin Issoufou ta fice daga shirin duniya na bayyana kuɗaɗen ma'adinai, ITIE, a 2017 bayan an dakatar da ƙasar, ta koma a 2020. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jingine kundin baki ɗaya. Saboda haka rufin ba na gwamnati ɗaya ba ne, kowace ta tarar da shi ta bar shi. Bambancin kawai shi ne hukumomin yanzu sun ɗora mulkinsu a kan kalmar 'yancin kai da mallakar arzikin ƙasa, kuma da sunan wannan suka kori jami'an Sin kan batun tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa da rashin bin dokar fifita 'yan gida. Wanda ya yi wannan ya ɗaukar wa kansa nauyin da waɗanda suka gabace shi ba su ɗauka ba.

Akwai kuma kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen mai da doka ta ware wa ƙananan hukumomin yankunan da abin ya shafa. Magajin garin da aka turo wa kuɗi ba shi da hanyar sanin ko sun cika, domin bai san jimillar da aka cire su daga ciki ba. Sai dai ya karɓa ya yi godiya, in ma sun zo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar da ke da gunduma irin Kance, inda cunkoson jama'a da ƙarancin gona suka sa mata da yara ke bin hanyar Aljeriya. Mutane 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada arewa da Arlit a watan Oktoban 2013, galibinsu mata da yara, yawancinsu daga wannan yanki suka fito. Lokacin matatar SORAZ tana da shekara biyu da buɗewa.

Hujjojin masu rufewa

Hujja ta farko tsaro ce, kuma ba ta wasa ba ce. A watan Yunin 2024 'yan tawayen FPL sun fasa bututun mai, an kuma sha kai wa jami'an da ke gadinsa hari. Ba wanda zai so a ba ɗan bindiga taswira. Sai dai filayen rijiyoyi da hanyoyinsu suna bayyane a hotunan tauraron ɗan'adam da kowa ke buɗewa a waya, wutar gas da ake ƙonawa ma ana hango ta daga sama da dare. Mai son kai hari ba ya jiran takardar W-2. In ma ana tsoro, a cire layin da ke nuna ainihin wurin, a bar zurfi da kwanan wata da sakamakon gwaji.

Ta biyu sirrin kasuwanci ce. Kamfanin da ya kashe miliyoyi ya gano abu ba zai so abokin gasa ya samu a banza ba. Ƙasashen da suka buɗe rumbunansu sun warware wannan da wa'adi. A jihar Dakota ta Arewa ana iya rufe bayanan sabuwar rijiya na wata shida. A Norwe ɗanyen bayanan rijiya kan fito bayan shekara biyu. Mu kuwa muna da rijiyoyin da suka girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Kamfanin Elf ya samu mai a Sokor a 1982, aka samu a Gumeri a 1990, Esso da Petronas suka yi gwaji a Jaouro a 2005 kafin su tattara su tafi. Wane sirrin kasuwanci ya rage a takardar da ta haura shekara 40? Hasali ma buɗe tsofaffin bayanai shi ke jawo sababbin masu zuba jari, domin ƙaramin kamfani ba ya shiga hamada da ido rufe. Ƙasar da ke kukan cewa kamfani ɗaya ya riƙe mata wuya ita ta fi kowa buƙatar wasu su ga abin da take da shi.

Ta uku ita ce wadda ba a faɗa a fili: wai wa zai karanta? Ba a buƙatar mutum miliyan su karanta. Ana buƙatar ashirin da suka iya, su fassara wa sauran. Akwai su a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da makarantar EMIG da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, akwai kuma 'ya'yan ƙasar nan da ke aikin mai a ƙasashen Larabawa da Kanada, waɗanda wannan takarda ita ce abincinsu na kullum. Ana ta maganar maye gurbin ƙwararrun baƙi da 'yan ƙasa. Injiniyan da ya gama karatu bai taɓa buɗe rahoton rijiyar ƙasarsa ko ɗaya ba, da me zai karɓi aikin?

Batun ruwa ma yana nan, ko da yake an fi mantawa da shi. Layin da ke faɗin inda bututun farko ya tsaya da simintin da aka ɗura masa shi ne ke nuna ko an kare ruwan sha na ƙarƙashin ƙasa daga gaurayuwa da mai da ruwan gishiri. A Texas wannan na cikin abin da hukuma ke dubawa kafin ta amince. A yankin da makiyaya suka dogara da rijiyoyi ƙalilan, kuma aka rage iyakar gandun Termit da Tin Tumma a 2019 don a ba aikin mai wuri, idan dabbobi suka mutu aka zargi kamfani, wannan layi ne zai fara raba gardama.

Maƙwabtanmu na kudu ba su tsira ba. A watan Nuwamban 2022 Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, aka ce akwai ganga fiye da biliyan ɗaya, har yau mutanen Arewa na tambayar ina man. Amma aƙalla hukumar NUPRC na fitar da adadin ɗanyen man da Najeriya ta haƙo kowane wata, tasha-tasha, kowa ya gani ya yi gardama a kai.

Abin da za a iya farawa da shi a Yamai bai kai girman rumbun Norwe ba, ba ya kuma buƙatar tallafin kowa. Kamfanoni na miƙa wa ofishin ministan man fetur rahotannin aikinsu, don haka takardun suna hannu. Jadawali ɗaya ya isa a fara: sunan rijiya, kamfanin da ya haƙa, shekarar da aka gama, zurfi, da matsayinta a yau, ko tana bayarwa, ko an rufe, ko ba a samu komai ba. A ƙara da wani na wata-wata mai nuna gangar da ta fito daga Agadem, wadda ta shiga SORAZ, da wadda aka loda wa jirgi a Seme. Na ƙarshen nan ya fi gaggawa. A watan Yunin 2024 hukumomin Benin sun kama 'yan Nijar biyar a tashar ta Seme, waɗanda Yamai ta ce sun je sa ido ne kan lodin mai, Nijar ta rufe bututun na wani lokaci saboda haka. Gwamnati ta nuna a lokacin cewa ba ta yarda a auna manta ba tare da idonta a wurin ba. Adadin da wakilanta ke rubutawa a bakin teku duk lokacin da jirgi ya tashi, shi ne mutanen Matamaye da Ngurti ba su gani ba tukuna.